Tabon kurkunu da littafi mai hoto

A watan Nuwamban bara aka aiko wa daraktan makarantarmu saƙo cewa za mu yi baƙi. Wani tsohon ɗan majalisa ne da ya bar siyasa, ko siyasa ta bar shi, ya danganta da wanda ka tambaya. Ya kafa gidauniya, zai kawo wa yara kayan karatu. Aka ce ƙarfe tara. Tun takwas da rabi muka fito da yara muka jera su a fili, 'yan CI a gaba, 'yan CM2 a baya. Duk wanda ya san Agadas ya san ko a Nuwamba rana in ta ɗaga ba ta san wasa ba. Sai wajen sha ɗaya da rabi motoci uku suka shigo da ƙura. Aka yi jawabi da Faransanci, aka maimaita da Hausa, aka ƙara da Tamajak. Kowane yaro ya samu littafin rubutu biyu da biro ɗaya, a bangon kowane littafi kuma ga hoton mai gidauniya yana murmushi. Kafin kiran azahar sun tafi.

Ba zan yi butulci ba. Ajina yara 74 ne, kuma akwai waɗanda tun buɗe makaranta a Oktoba suke rubutu a bayan tsohon littafin yayyensu. Littattafan nan sun yi amfani, na karɓa da hannu biyu, na sa yara suka yi godiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai ɗaukar hoton da suka zo da shi. Ya yi ta juya mu, ku matsa nan, ku koma can, sai daga baya na gane abin da yake gudu: rumfunan zana uku da ke bayanmu, waɗanda ɗaya daga cikinsu shi ne ajina. So yake ginin siminti kaɗai ya fito a hoto.

Da dare ina alwalar lisha na kai hannu kan idon sawuna na hagu, inda nake da wani tabo mai faɗin kwabo. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina tare da shi, har na daina ganinsa. Amma a daren nan ya tuna mini da wani tsohon mai mulki da ya shiga aikin taimako ta wata hanya dabam, kuma tun ranar nake son in yi wannan rubutu.

Ni ba haifaffen Agadas ba ne, aiki ya kawo ni bayan na gama makarantar horon malamai ta Damagaram. A wani ƙauye na ƙasar Mirya aka haife ni, inda da damina kowa tafki yake sha. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, to bari in faɗa yadda yake. A cikin ruwan tafki akwai wasu ƙananan ƙwari da ido bai cika ganinsu ba, su ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Ka sha ruwan bana, ba ka jin komai. Sai shekara ta zagayo, wata daminar, ƙafa ta yi bororo tana zafi kamar an ɗora garwashi, ta fashe, farar tsutsa kamar zare ta leƙo. Tsawonta kan kai mita guda. Babu allurar rigakafi, babu ƙwayar da ke kashe ta. Sai dai a naɗe kanta a ɗan tsinke, kullum a ja kaɗan, mako da makonni, ana lallaɓawa kada ta tsinke, don in ta tsinke a ciki ƙafar ce za ta kumbura ta ruɓe. Zafin kuma shi ke kai mutum bakin tafki ya tsoma ƙafa ya ji sanyi, a nan tsutsar ke zubar da dubban 'ya'yanta a ruwan da gari zai sha. Haka abin ke zagayawa.

Ni ta fito mini a daminar da zan shiga CM1. A shekarar mu uku ne a kwance a gidanmu, har da babana, daidai lokacin noman farko. Gonarmu ta gero ciyawa ta cinye rabinta. Da aka buɗe makaranta ban iya takawa ba sai bayan makonni, na tarar an yi nisa a lissafin rabawa, abin da ya bi ni har CM2. Binciken da aka yi a Nijar a 1991 ya gano mutum sama da 30,000 masu kurkunu, kuma jihar Damagaram na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. A Najeriya kuwa, a ƙarshen shekarun 1980, an ƙirga sama da 650,000, babu ƙasar da ta kai ta a duniya.

A nan Janar Yakubu Gowon ya shigo labarin. 'Yan uwana malamai da ke koyar da tarihi sun san sunan, amma yawancinmu rabin farko na rayuwarsa kaɗai muka sani. An haife shi a 1934 a ƙasar Filato, ya girma a Wusasa ta Zariya, Hausa a bakinsa kamar kowane Bazazzagi. Ya zama shugaban Najeriya a Agustan 1966 yana da shekara 31. Shi ya jagoranci gwamnatin tarayya a yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa Janairun 1970, yaƙin da shugabanmu Diori Hamani ya tsaya a bayan Legas a cikinsa duk da Faransa ta karkata wajen 'yan aware, har aka zauna neman sulhu a Yamai a Yulin 1968. Shi da Eyadema na Togo ne suka yi ta zirga-zirga har aka kafa ƙungiyar CEDEAO, wadda 'yan Najeriya ke kira ECOWAS, a Mayun 1975. Bayan wata biyu, ranar 29 ga Yuli, yana Kampala wajen taron shugabannin Afirka, sojojinsa suka kifar da shi. Dama ya yi alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976, ya zo ya janye alkawarin, mutane suka gaji.

Abin da ya yi bayan nan ni a matsayina na malami ya fi burge ni fiye da duk faretin da aka taɓa yi masa. Ya tafi Ingila ya shiga Jami'ar Warwick a matsayin ɗalibi. Mutumin da jiya ministoci ke miƙewa in ya shigo, ya koma zama a benci yana rubuta abin da malami ke faɗi. Har hotonsa ya fita a jaridu yana riƙe da faranti a layin abincin ɗalibai, wasu a Najeriya suka ga abin kunya ne. Ana cikin haka aka kashe Murtala Muhammad a Fabrairun 1976, aka ambaci sunan Gowon a cikin zargin, aka tuɓe masa muƙaminsa na soja. Sai zamanin Shehu Shagari aka yafe masa. Ya tsaya kan karatunsa har ya samu digirin digirgir a kimiyyar siyasa. Kwaɗayin kujera ma bai sake shi gaba ɗaya ba, don a 1993 ya gwada neman takarar shugaban ƙasa, bai ko wuce matakan farko ba. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A nan miyarsa ta ƙare ƙarƙaf.

A 1992 ya kafa cibiya mai sunansa. Wajen ƙarshen shekarun 1990 kuma Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ya jawo shi cikin yaƙi da kurkunu. Carter shi ma mutum ne da aka kayar a zaɓe bayan wa'adi ɗaya, ya bar fada a 1981, ya kafa cibiyarsa a 1982, a 1986 ya ɗauki kurkunu ya sa a gaba, lokacin da ake ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi na fama da shi a ƙasashe 21. Dabararsa ita ce ya nemi tsofaffin shugabanni 'yan ƙasa su riƙe aikin. A Mali ya samu Amadou Toumani Touré, wanda ya miƙa mulki a 1992 ya shiga zagayen ƙauyuka da na ƙasashe masu amfani da Faransanci. A Najeriya ya samu Gowon.

To me tsohon janar zai yi wa tsutsa? Ba likita ba ne, ba shi da baitulmali a hannu. Aikin kansa ƙanana ne suka yi shi, ma'aikatan sa-kai na ƙauye irin wanda na sani a garinmu, mai yawo da ɗan littafi yana rubuta sunan duk wanda tsutsa ta fito wa, yana raba ƙyallen tace ruwa, yana hana mai ciwo shiga tafki, wani lokaci a zo a zuba maganin Abate a ruwan don kashe ƙwarin. Amma duk wannan jinya ce ta wucin gadi muddin gari ba shi da rijiya mai tsabta, ita kuwa rijiya aikin hukuma ce. Abin da Gowon ke da shi wanda ma'aikacin ƙauye ba shi da shi, shi ne ƙofa. Babu gwamnan da zai bar tsohon shugaban ƙasa a zaure yana jira. Sai ya riƙa zuwa ƙauyukan da ke da cutar da kansa, sama da 100 cikin shekaru kusan goma, ya ga tafkin, ya ga ƙafafun, ya yi wa mutane magana, a arewa da Hausa, sannan ya wuce wajen gwamna da shugaban ƙaramar hukuma ya nemi a haƙa famfo, a faɗi lokaci. In ya dawo ya tarar ba a yi ba, ya sake tambaya. Kunyar idonsa ita ce jarin da ya zuba.

Najeriya ta ga mai kurkunu na ƙarshe a 2008. Nijar ma a shekarar ta ga nata na ƙarshe, a jihar Tilaberi. A Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasashen biyu sun rabu da cutar. Ba na cewa Gowon ne ya warkar da ƙauyenmu, bai taɓa taka shi ba, namu aikin ma'aikatar lafiyarmu ce da cibiyar Carter da sauran masu taimako. Sai dai wanda ya tashi a kudancin Damagaram ya san iyakar nan a takarda take. 'Yan ci-rani na tafiya, amare na ƙetarawa, Fulani na bin ruwa, da ba a kashe tsutsar a can ba da ta dawo mana a ƙafar wani. A 2023 mutum 14 kacal aka samu da ita a duk duniya. Carter ya taɓa cewa burinsa tsutsar ƙarshe ta riga shi mutuwa. Bai samu ba, ya rasu a Disamban 2024 yana da shekara 100, amma saura ƙiris.

Na ba wata abokiyar aikina wannan labari muna zaune a inuwar ofishin darakta, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Mushe, kai dai kana da saurin yafiya. Yaran Biyafara fa da yunwa ta kashe? Famfo nawa ne zai biya su?" Na ce, "Madam, ko ɗaya." Kuma har yanzu amsata ke nan. Ana ƙiyasta mutum miliyan ɗaya ko fiye sun mutu a yaƙin nan, mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwar da toshe hanyoyi ta haifar ce. Gowon ya rufe yaƙin da cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, bai bi mutane da ramuwa ba, wannan a rubuta masa. Amma uwar da ta binne ɗanta a 1968 ba ta da wani dalilin da zai sa ta ji sanyi don an kashe tsutsa a 2008. Cibiyar tasa ma ba ta tsira daga magana ba, don a 2011 masu binciken asusun Global Fund sun tuhumi yadda aka sarrafa wasu kuɗaɗen tallafi da suka bi ta hannunta. Ni ban ɗauki aikin alheri a matsayin sabulun wanke tarihi ba, kuma in na koya wa yara labarin mutum, duka nake koya musu. Hisabi na Allah ne. Abin da nake iya aunawa daga inda nake shi ne, shekarun da suka rage wa mutum bayan kujera, me ya yi da su, wa ya amfana.

Mu nan Agadas ma mun ɗan ji hannunsa ta wata fuskar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta rufe mana iyakoki. Gari ne da kusan duk abin da muke ci daga kudu yake zuwa ko daga Aljeriya da Libiya, kuma kowane mai iyali ya tuna yadda kuɗin shinkafa da mai da magani suka tashi a watannin nan. Ni da albashin malami na san abin da na gani. A Fabrairun 2024 Gowon, yana da shekara 89, shi kaɗai ya rage a raye cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya fito da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon a ɗage takunkumin. Kwanaki kaɗan bayan nan, ranar 24 ga wata, aka ɗage. Akwai wasu dalilai da suka sa shugabannin suka sassauta, kowa ya sani, amma tsohon ya sake yin abin da ya saba, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba a iya rufe masa. Na kuma lura, mutumin da ya taɓa toshe wa wani yanki hanya ne ke roƙon a buɗe wa wani. Ko ya yi wannan tunanin a ransa, shi da Ubangijinsa.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da manya da suka sauka. Brigi Rafini, ɗan Iferwan a nan cikin Abzin, ya riƙe firaminista shekara goma cur, daga 2011 zuwa 2021, daga baya ya tafi shugabancin sakatariyar ƙungiyar CEN-SAD. Mahamadou Issoufou ya sauka a 2021 da kyautar Mo Ibrahim, dala miliyan biyar da ake biya cikin shekara goma, ya kuma kafa gidauniya mai sunansa. Ban da su akwai tsofaffin ministoci da 'yan majalisa da magadan gari da jagororin tawayen da suka ajiye bindiga, waɗanda tun da aka rusa majalisa da jam'iyyu suke zaune a gida. Jiharmu ba ta rasa masu ƙofa ba. Akwai cikinsu wanda in ya ɗaga waya, a Yamai za a ɗauka, a kamfanonin ma'adinai na Arlit za a ɗauka, a ofisoshin ƙungiyoyin agaji ma haka.

Kuma muna da namu kurkunun. A Afrilun 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka ƙone, yawancinsu 'yan ƙanana. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, sama da 25. Hukuma da bakinta ta ce azuzuwan zana a ƙasar nan sun kai wajen 36,000. Ni da nake koyarwa a cikin ɗaya, kullum na shiga sai na dubi ƙofa na lissafa yadda yara 74 za su fita ta cikinta in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye. In iskar hunturu ta taso, ƙura ke rufe allo, yara na tari, darasi ya tsaya. In an yi ruwan farko, shekarar karatu ta ƙare ko kalanda bai ce ba. A daji kuma, can wajen Ingal da kwarurukan Abzin, makarantar makiyaya kanta na rataye ne da tukunyar abinci. Ran da hatsin kantin ya ƙare, iyaye na zuwa su kwashe 'ya'yansu su bi dabbobi, kuma ba ka da bakin da za ka ce sun yi laifi.

Waɗannan abubuwa suna da kama da kurkunu ta wajen da ya fi muhimmanci: ana iya ƙirga su. Ana iya cewa a garin Agadas azuzuwan zana kaza ne bana, baɗi kaza suka rage. Ba sa bukatar wani sabon ilimi, bulo ne da kwano da siminti, da mutumin da zai riƙa komawa ofis ɗaya yana tambaya har a gaji da ganinsa. Abin da suke bukata wanda ya yi wuya shi ne shekara goma ta rayuwar wani babba, a kan abu ɗaya, marar daɗin hoto. Ajin da aka gina da kuɗin gwamnati don wani tsohon minista ya matsa, ba za a rubuta sunansa a bango ba. Sunan ma'aikata za a rubuta, ko na ƙasar da ta ba da tallafi. Ina jin shi ya sa littafi mai hoto ya fi farin jini.

Madam ta ce da ni, wanda bai gina aji ba lokacin da kasafin kuɗi ke hannunsa, yanzu da ya sauka ne zai gina? Maganarta na da ƙarfi, kuma iyaye da yawa haka suke gani. Gidauniya ba ta maye gurbin ma'aikatar ilimi, duk wanda ya ce maka za ta iya yaudararka yake. Gina aji haƙƙin yaro ne a kan hukuma, ba sadaka ba ce, kuma ina tsoron ranar da za mu saba da tafa wa mutum hannu don ya ba mu ɗan guntun abin da dama namu ne. Sai dai Gowon ma shekara tara ya yi yana mulki, da kuɗin man fetur na malala a ƙarshensu, kurkunu na cin ƙafafun talakawa, bai kashe shi ba. Sai da ya sauka, ya zauna a benci, aka ƙi shi a mazaɓarsa, sannan ya ga tafkin. Wataƙila daga kan kujera ba a hango wasu abubuwa. Wannan ba uzuri ba ne, amma ni da ke cikin rumfa ba ni da halin in ce wanda ya makara ya koma.

Ga iyaye kuma ina da ɗan roƙo. In irin waɗannan baƙi suka zo, a karɓe su da mutunci, baƙo ne, a karɓi abin da suka kawo. Amma shugaban kwamitin iyaye in an ba shi lasifika, kada ya ƙare lokacinsa a kirari. Ya kama hannun babban ya zagaya da shi bayan ginin siminti, ya shigar da shi rumfa, ya zaunar da shi a tabarmar da yara ke zama, ya tambaye shi wa ya sani a Yamai, kuma yaushe zai dawo. Mu malamai ba mu cika iya wannan ba, ma'aikata ne, akwai mai duba mu. Ku ba mai yi muku canjin wurin aiki.

Makon jiya muna darasin tsabtar ruwa, na tuɓe takalmi na nuna wa yara tabon. Na rubuta kalmar kurkunu a allo na ce wa ya taɓa jin ta. Hannu biyu suka tashi cikin 74, ɗaya ma ya ɗauka sunan wani ƙauye ne. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Mushe, tsutsa a cikin ƙafa? Da ranta?" Na ce da ranta. Suka yi ta dariya suna ƙyama, ba su yarda ba. Na sa suka zana tafki da ƙyallen tacewa da famfo a littattafansu, waɗancan dai masu hoto, yawancinsu yanzu bangon ya yage ko an lulluɓe shi da takardar buhun siminti. Muna cikin zanen iska ta ɗaga zanar gefen gabas, yara biyu suka tashi suka riƙe ta har na samo igiya. Kwamitin iyaye ya ce kowane gida ya kawo dala ɗari kafin ƙarshen wata a sayi sabuwa.